Malamin da Ake Kira Idan Yaro Ya Faɗi

Ranar wata Laraba ɗiyata ta manta kuɗin tara a gida, sai na ce bari in biya in miƙa mata kafin in wuce kasuwa. Ina shiga makarantar na hango yara sun yi cincirindo a gindin darbejiya, malamai suna ta kai da komo. Da na kutsa sai na ga wani yaro ɗan aji biyar kwance a ƙasa, jikinsa na fizga, kumfa na fita daga bakinsa. Farfaɗiya ce ta tashi.

Wani malami ya samo cokali yana ƙoƙarin cusa masa tsakanin haƙora. Wata malama tana kwara masa ruwa da buta. Wani yana cewa a danne masa ƙafafu, wani kuma yana korar yara da bulala wai kada yawun ya taɓa su su ɗauka. Sai hedimasta ya ɗaga murya: "A kira malamin PHE!"

Aka kira shi, wato malamin darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Ya zo da gudu, ya durƙusa, ya karɓi cokalin nan hannunsa na rawa.

Ɗan abin da na sani a kan wannan ciwo, ƙanwata ce ta koya mini, ita ma'aikaciyar jinya ce. Na ce, "Malam, don Allah ajiye cokalin nan." Muka janye duwatsun da ke kusa da kan yaron, na naɗe babbar rigata na sa masa a matsayin matashi, muka hana kowa danne shi. Da fizgar ta lafa muka juyar da shi ya kwanta a gefensa don yawun ya zuba waje. Ba a yi minti uku ba ya buɗe ido. Raunin da ya samu ɗaya ne, leɓensa da cokali ya fasa.

Da ƙura ta lafa na ja malamin gefe. Abin da ya faɗa mini shi ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan. Ya ce, "Wallahi Baba, mun yi wannan a kwaleji, har tambaya aka yi mana a jarrabawa kuma na ci. Amma ban taɓa ganin an yi shi da hannu ba."

Ban ga laifin yaron nan ba. Laifin yana wurin waɗanda suka ba shi takarda suka ce ya ƙware. Ra'ayina shi ne, kada a ƙara ba kowa shaidar malanta a fannin motsa jiki da kiwon lafiya sai ya nuna da hannunsa, a gaban masu duba shi, cewa ya iya abu biyu: ceton yaron da ya faɗi, da tafiyar da darasin motsa jiki ga aji mai yara tamanin a fili babu kayan aiki. Wanda ya iya rubuta su a takarda kawai, a mayar da shi ya sake.

Ta wace ƙofa ake shiga?

A dokar ilimi ta Najeriya, NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita, kuma karatun shekara uku ne. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da kwalejojin ilimi za su koyar. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna da sassan da ke ba da digiri a wannan fanni. Wato wuraren horarwa akwai su, malamai masana ma akwai.

Matsalar tana farawa tun daga bakin ƙofa. A 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi don shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400. Kowa ya san yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Yaro ya nemi likitanci bai samu ba, ya nemi lauya bai samu ba, sai a ce to ya tafi NCE kada ya zauna haka nan. A cikin kwalejin ma akwai kwasa-kwasan da ake rububi, akwai waɗanda ake tura ragowa. PHE tana cikin na biyun. Sau nawa ka ji uba yana alfahari a majalisa cewa ɗansa yana karanta PHE?

Ba ina cewa duk wanda ya shiga da ƙaramin maki ba zai yi abin kirki ba. Akwai yaran da jarrabawar kwamfuta ba ta nuna baiwarsu, amma ka ba su yara talatin a fili ka ga ikon Allah. Su ne ma ya kamata a nemo. Sai dai ba a nemansu. Ba na jin akwai abin da zai hana kwaleji ta ware yini guda ta ga masu neman kos ɗin ido da ido, ta ga wanda ke da sha'awa, wanda ke da murya da haƙuri da yara, kafin ta ɗauka.

Wasa a kan allo

Da na koma gida ran nan na ce wa ɗiyata ta kawo mini littafinta na PHE. Na buɗe shafi bayan shafi. An zana filin ƙwallon raga, an rubuta tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9. An jera salon ninƙaya guda huɗu da sunayensu na Turanci. An rubuta ma'anar agajin gaggawa da jerin kayan da ke cikin akwatinsa. Rubutu tsaf, malam ya sa hannu da jan biro.

Na tambaye ta ko ta taɓa riƙe ƙwallon raga. Ta ce a'a. Na ce akwatin agajin fa, ta taɓa ganin cikinsa? Ta ce yana ofishin hedimasta a kulle, ita dai ta san fari ne. Na ce to yaushe kuke fita fili? Ta ce sai lokacin gasar gidaje ya matso, a zaɓi masu gudu, saura su zauna a inuwa su yi tafi.

Malamin da aka koyar da shi ta hanyar kwafe daga allo, shi ma abin da zai yi ke nan. Bai san wata hanya ba. Idan shekara uku ya yi yana haddace faɗin fili, to faɗin fili zai ba yaranmu su haddace.

Akwai wani abu da ya fi wannan ci mini rai. A makarantu da yawa, lokacin da yaro yake motsa jikinsa da umarnin malami shi ne lokacin horo. Ka makara, tsallen kwaɗo. Ka yi surutu, kama kunne ko zagaye fili sau biyar da rana tsaka. Yaro ya tashi yana ganin motsa jiki azaba ce. Malamin da aka horar da kyau shi ne zai fara tsayawa a ɗakin malamai ya ce a daina wannan.

"Ai yaranmu ba sa zama wuri ɗaya"

Wannan ita ce magana ta farko da abokaina suka tare ni da ita. Suka ce wannan damuwar mutanen Turai ce, masu yara a kulle a ɗaki. Namu suna tafiya makaranta a ƙasa, suna ɗebo ruwa, suna zuwa gona, da yamma suna buga ƙwallo a lungu har magariba.

Akwai gaskiya a ciki, musamman a karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma ɗan ƙauye da yawa yana wuce haka ba tare da ya sani ba. Amma a dubi yaron birni na yau. Adaidaita ta kai shi boko, ta dawo da shi, ya ci abinci ya wuce Islamiyya, ya dawo ya ɗauki waya. Filayen unguwa da muka yi wasa a cikinsu an yanka su an gina shaguna. Makarantun kuɗi da yawa gidan haya ne mai ɗaki shida, ko inda za a yi layin asambuli babu.

Sannan masu wannan magana sun manta da rabin sunan darasin. Ba motsa jiki kaɗai ba ne, har da lafiya. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 3,000, kuma jihohinmu irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara su suka fi jin jiki. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce kan gaba, kuma yara ne mafi yawan waɗanda ya kama. A garuruwan da ke bakin ruwa, yaro ya yi wanka a kududdufi ya fara fitsarin jini, abokansa su ce masa ai alamar girma ce, alhali tsargiya ce, kuma tana da magani.

Wa zai tsaya gaban yara ya haɗa ruwan gishiri da sukari suna kallo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan ya sa kowane yaro ya haɗa nasa? Yarinyar da ta iya wannan a aji biyar, wata rana ƙaninta za ta ceta da tsakar dare. Wa zai yi wa ɗan JSS magana a kan kwalbar maganin tari da ƙwayar da ake miƙa masa a bayan makaranta? Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma duk wanda ke zaune a unguwa ya san shaye-shaye bai tafi ko'ina ba. Wannan aiki a jadawalin makaranta sunan mutum ɗaya ne a kansa, malamin PHE.

"To malami ne ko likita?"

Wani malamin makaranta da nake girmamawa ya ce mini ina ɗora wa malami kayan da ba nasa ba. Ya ce idan yaro ya faɗi a kai shi asibiti, kada malami ya taɓa, abu ya lalace a ce shi ne.

Na fahimci tsoronsa. Amma makarantun gwamnati nawa ne ke da ma'aikaciyar jinya? Daga makarantar ƙauye zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa tafiyar minti nawa ce a babur, idan ma an samu babur ɗin? Kafin a kai ga likita akwai mintuna biyar ko goma da wani zai yi wani abu, ko daidai ko kuskure. A makarantar su ɗiyata ba a tsaya jiran likita ba, cokali aka ɗauko.

Ba allura nake so malami ya iya ba, ba kuma rubuta magani ba. Abubuwa ne ƙanana. Yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba a matse hanci minti goma, ba a ɗaga kansa sama jinin ya koma maƙogwaro ba. Yaro ya ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi, ba a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Ya karye, a tallafe wurin kada a ja. Farfaɗiya ta wuce minti biyar ba ta lafa ba, a garzaya asibiti. Sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinka shi ma ilimi ne, kuma koyar da shi ake yi.

Ga batun sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan ciwo, kusan jarirai 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Da wuya ka samu makaranta babba da babu irin yaran nan. Malamin da bai san cewa gajiya mai tsanani da ƙishirwa suna tayar musu da ciwo ba, zai sa su gudu tare da kowa a zafin watan Afrilu, idan yaro ya tsaya ya ce masa malalaci. Wanda ya sani zai tambayi iyaye tun farkon zango, ya ba yaron wasan da ya dace da shi, ya tabbata akwai ruwa kusa. Haka zai san yadda zai sassauta darasi idan azumi ya kama.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kiwon lafiya a makarantu, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙanta shi ne ilimin lafiya da ya dogara ga iya yi, ba iya faɗa ba. Takardar tana nan. Mutumin da zai aiwatar da ita ne ba a shirya ba.

Kuma masu koyarwar ba nisa suke ba. Kowace jiha tana da makarantar koyon aikin jinya ko ta fasahar kiwon lafiya. Akwai ƙungiyar Red Cross, akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani a filin idi da sansanin alhazai. Me zai hana ɗalibin PHE ya yi makonni a ƙaramin asibiti yana kallon yadda ake wanke ciwo da ɗaure shi, kamar yadda yake zuwa koyarwar gwaji?

"Babu kayan aiki"

Wannan ita ce hujjar da aka fi jinginuwa da ita, a kwaleji da makaranta duka. Babu kwamin ninƙaya, babu zauren wasanni, babu ƙwallaye. Gaskiya ne babu, kuma ba na jin za su zo nan kusa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a horar da malami kamar zai je makarantar da ke da su.

Mu da muka tashi a unguwa, da me muka yi langa? Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗaya, kuna ture abokan karawa kuna kare ruwa har ya sha. Minti goma na langa sai ka ji numfashinka na fita sama-sama, ga ƙarfin ƙafa, ga iya tsayuwa, ga aiki tare. Ko sisi ba a kashewa. Ga kokawa a kan yashi. Ga gaɗa, wadda 'yan mata ke yi da tafi da waƙa da tsalle, ga 'yar gala-gala, ga tsallen igiya. Langa da kokawa da dambe har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin su. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawar cin takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana saurare.

Ina so ɗalibin kwaleji ya fita ya san yadda zai raba yara tamanin gida huɗu, kowane rukuni da abin yi, babu wanda ke tsaye yana kallo. Ya san yadda zai shata fili da toka, ya yi ƙwallo da tsumma, ya cika gorar roba da yashi ta zama alama. Ya san abin da zai ba yaro mai shan inna ko makaho don kada a bar shi yana gadin takalma. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, ta fi haddace dokokin wasan da yaron Gumel ko Illela ba zai taɓa gani ba, kuma a fili kawai ake koyonta.

Iyayenmu ba su raina wannan ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 don horar da malamai ta ɗauki wasanni da muhimmanci, kuma Sardauna, wanda ya yi karatu a can, an san shi da wasan fayif, na buga ƙwallo a bango da hannu, har bayan ya zama Firimiya. Waɗanda suka yi makarantun horon malamai na Grade II za su gaya maka cewa malamin firamare na lokacin shi ke fitar da ajinsa motsa jiki da safe, shi ke duba farce da haƙora da kai a layi. An rufe waɗancan makarantu, an ɗaga darajar takarda, amma wannan tarbiyyar ta hannu ba ta biyo mu ba.

'Yan matan fa?

Nan ne maganar take da nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san damuwar iyaye ba. Uba ba ya son namiji ya tsaya yana kallon 'yarsa budurwa tana tsalle. Ni ma uba ne, na san wannan. Amma abin da muke yi yanzu shi ne mu ce su zauna a aji, shi ke nan an kashe magana.

Maganin shi ne malamai mata, da wuri a killace, da sutura mai mutunci. Addini bai hana mace motsa jiki ba, ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Kuma akwai darussan da yarinya ba za ta taɓa buɗe baki ta yi tambaya a kansu a gaban malami namiji ba, kamar al'ada da tsabtarta, da sauye-sauyen balaga. 'Yan mata nawa ne ke fashin makaranta kwana uku ko huɗu duk wata saboda babu wadda za su gaya wa? Muna da kwaleji ta mata zalla a Gusau, muna da dubban 'yan mata a sauran kwalejoji. Jihar da ta ware tallafin karatu ga duk yarinyar da ta zaɓi wannan fanni, tare da alkawarin aiki a makarantar 'yan mata ta ƙaramar hukumarta, cikin shekara uku za ta ga bambanci.

Inda na yarda da masu suka

Wani lakcara ya ce mini ko sun horar da ɗalibi ya fi kowa, idan ya je makaranta sai hedimasta ya ce babu malamin lissafi, ya riƙe lissafi. Ko a ba shi bulala a ce shi ne mai ladabtarwa. Darasin nasa a kai shi awa ta ƙarshe, rana ta take, yara sun galabaita. Wannan gaskiya ce ba ni da ja. An ma yi shekaru darasin yana cushe cikin wani babban darasi tare da kimiyya da fasaha da kwamfuta, ya zama ɗan rakiya. Sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 ta sake ba shi gurbinsa shi kaɗai. Na yi murna da haka, sai dai gurbi a jadawali ba ya koyar da kansa.

Don haka gyaran ba na kwaleji kaɗai ba ne. Amma daga can zai fara, domin malamin da ya san darajar abin da ya iya ba ya yarda a mayar da shi ɗan cike gurbi cikin sauƙi. Lokacin koyarwar gwaji, mai duba ɗalibin PHE ya daina zama a bayan aji yana duba tsarin darasi a takarda, ya ce a fita fili ya gani. Hukumar TRCN da ke yi wa malamai rajista jarrabawarta a kwamfuta take. Ga malamin wannan fanni, a ƙara masa da shaidar agajin gaggawa wadda zai riƙa sabuntawa. Waɗanda suka riga suka fita suna aiki kuma, hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, su tara su lokacin hutu, ko na kwana uku ne, a shimfiɗa tabarma kowa ya gwada da hannunsa.

Bayan mako biyu na tambayi ɗiyata labarin yaron nan. Ta ce ya dawo, amma shi kaɗai yake zama a benci, ba mai shan ruwa a kofin da ya sha. Na koma wurin malamin na gaya masa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma yaran ba za su yarda ba sai sun ji daga bakinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ko za ka roƙa mini Anti ta zo ta nuna mana, mu malaman tukuna, kafin in tsaya gaban yara?" Ƙanwata ta amsa. Ranar Alhamis mai zuwa za ta je bayan an tashi, ta ce a tanadi tabarma, da buta, da yaro ɗaya mai ƙarfin hali da zai kwanta a gwada da shi.